Takalma Sun Cika

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Yau na fara zuwa kwas. Shekara goma sha tara ina renon 'ya'yan mutane, yau ga ni a kan benci da littafi da biro, wai za a koya mini yadda ake riƙe yaro. Sabuwar doka ce. Duk mai aiki a gidan reno sai ta mallaki satifiket kafin ƙarshen wata, in ba haka ba ba za a bar mata ɗaki da yara ba. Hajiya mai gidan renonmu ta ce, "Sati uku ne kacal, Gwaggo, ki je ki karɓo takardarki ki dawo." Yara ne suka sa mini Gwaggo, iyayensu suka ɗauka, har Hajiya ta manta sunana na gaskiya.

Mu ashirin da shida ne a ajin, kuma duk na haife su. Wata har ta tashi ta ba ni kujerar gaba, ta zaci ni ce mai koyarwa. Malamar da ta shigo siririya ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka sai ka ji kamar ka bar wani abu a wuta. Ta ce kowacce ta riƙa rubuta abin da ya faru a wurin aikinta kullum. Na sayi littafi biyu. Ɗaya na Malama ne, wannan nawa ne.

Baban yara ya ce in kwantar da hankalina, gemu ba ya hana ilimi. Na ce ni ina na ga gemu? Ya ce in duba madubi da kyau. Na yi dariya don kada ya tambaye ni abin da ke damuna.

Ba zan rubuta maganar ranar Alhamis ɗin nan ba. An rufe ta, an sa hannu.

Talata, 5 ga wata, bakwai da minti goma na safe

Na riga kowa zuwa, na tsaya a waje har Hajiya ta iso da makulli. Yanzu ƙofar gidan da kwaɗo take wuni, makullin kuma a jakarta. Bencin Baba Maigadi yana nan inda yake, babu kowa a kai. Har yanzu butarsa tana ƙarƙashi.

Laraba, 6 ga wata, shida na yamma

Yau wanke hannu aka koya mana. Ni da na wanke gindin yaran da yanzu wasunsu ke tuƙa mota, an tsayar da ni a bakin famfo ana duba mini tsakanin yatsu. Bayan haka aka kawo 'yar tsana ta roba, aka nuna mana abin da ake yi in yaro ya shaƙe. Na yi daidai tun karon farko. Malama ta ce, "Kun gani? Hannun da ya saba daban yake." 'Yan ajin suka tafa mini, ni kuma na ji kunya ta rufe ni, ba irin kunyar da suke zato ba.

Da na dawo gida na kama kaina ina ƙirga takalman da ke ƙofar ɗakinmu. Nawa, na Baban yara, silifas ɗin banɗaki. Mu biyu ne a gidan nan, me nake ƙirgawa?

Alhamis, 7 ga wata, ɗaya na rana

Sati biyu ke nan cif. Ban iya cin abincin rana ba.

Juma'a, 8 ga wata, biyu na rana

Uwar Walƙiya ta tsayar da ni yau da ta zo ɗaukarta. Walƙiya ita ce ƙaramar ɗakina, shekara biyu da wata takwas, ni na sa mata sunan don kafin ka ƙifta ido ta bar inda ka ajiye ta. Uwar ma'aikaciyar jinya ce, kullum a gaggauce take, amma yau ta tsaya ta riƙe hannuna da hannu biyu.

Ta ce, "Gwaggo, babanta ya ce a cire ta daga nan, ni na hana. Na ce masa ƙofa ce aka bari a buɗe, wanda ya bari kuma an sallame shi. Na ce ba don Gwaggo ta lura da wuri ba, da wa ya san abin da za mu gani? Allah Ya saka miki."

Na ce amin. Na durƙusa na sa wa yarinyar takalmanta, jajayen nan masu maɗauri, don kada in ɗago kai. Ciwon tafin ƙafarta ya kusa warkewa, sai ɗan layi inda kwalba ta yanke ta. Ta ce, "Gwaggo, bai-bai," ta ja uwarta suka fita.

Da zagina matar nan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 11 ga wata, bakwai saura kwata na yamma

Malama ta shigo yau ba ta buɗe littafi ba. Ta ce, "Kina da yara goma sha biyar, kun dawo daga filin wasa. Yaya za ki san sun cika?"

Wata ta ce sai ta ƙirga jakunkuna. Wata ta ce kofunan ruwa. Wata mai surutu a baya ta ce ita in ɗakin ya yi shiru ta san fitinannen ba ya nan, aka kwashe da dariya. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Jaka ba ta da ƙafa. Kofi ba ya bin mage zuwa titi. Yaro ake ƙirgawa, ba kayansa ba. Ki kira sunansa, ki ga fuskarsa, ki sa alama a rajista. A kowace ƙofa, shiga da fita. In ba ki ga fuska ba, ba ki ƙirga ba."

Sai ta juyo wajena. "Gwaggo, ke da kika fi mu daɗewa, yaya kike yi?"

Na ce, "Kamar yadda kika faɗa, Malama."

Ta ce madalla, ta wuce. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gumi ya jiƙe mini baya sharkaf, alhali fanka tana kaina. Ban ji sauran darasin ba, sai da aka tashi na ari littafin maƙwabciyata na kwafa.

Talata, 12 ga wata, sha biyu da rabi na rana, yara suna barci

Na gwada yadda Malama ta ce. Suna, fuska, alama. Yara goma sha huɗu, ba ya cin minti ɗaya. Minti ɗaya fa. Na yi sau bakwai tun safe, har 'Yar Kwaleji, wadda ke ɗakin jarirai, ta leƙo ta ce, "Gwaggo, za ki ƙarar da sunayen yaran nan." Ita ta zo mana da satifiket ɗinta tun bara, ni na laƙaba mata sunan don in ja ta, ita kuma ta karɓa da dariya.

Duk da haka, kowane karo sai idona ya fara zuwa kan kantar takalma da ke bakin ƙofa kafin ya zo kan yaran. Tsohuwar da ta koya mini aikin nan ita ta ce mini, yara ba sa tsayawa a ƙirga su, takalma kuwa suna tsayawa, kuma yaro ba ya fita ba takalmi. Shekara goma sha tara maganarta ba ta taɓa faɗuwa ba.

Na ce ba zan rubuta ba.

Laraba, 13 ga wata, shida da kwata na yamma

An faɗa mana yadda jarrabawa za ta kasance. Ranar Talata mai zuwa ta rubutu. Bayan wannan, Malama za ta bi kowacce wurin aikinta ta zauna ta kalle ta, ni ranar Alhamis ta faɗo mini. Sannan kowacce za ta haɗa fayil, a ciki har da rahoton duk wani tsautsayi da ya faru a ɗakinta cikin wata shida da suka wuce.

Mai surutun baya ta tambaya, "In an samu laifin mutum ne fa?"

Malama ta ce, "In sakaci ne daga mai reno, ana ɗage satifiket ɗinta wata shida, kuma ba za ta riƙe ɗaki ita kaɗai ba sai ta sake zama. Ba horo ba ne, kariya ce ga yaran."

Na biya ta wajen Hajiya na gaya mata. Ta buɗe durowa ta ciro kwafin rahoton ranar Alhamis ta miƙo mini. "Ga shi nan, ki sa a fayil ɗinki. Da sa hannuna da naki. Me ya rage?" Na karanta shi a mota. Layi na huɗu ya ce: mai reno ta lura da rashin yarinyar cikin minti biyar, ta sanar, aka bazama nema. Na ninke shi huɗu na tura ƙasan jaka.

Juma'a, 15 ga wata, shida na safe

Kaina ke ciwo. Goma sha huɗu, goma sha huɗu, da shi na tashi a baki.

Asabar, 16 ga wata, sha ɗaya na safe

Na je sayen sabulu na yi kiciɓis da Baba Maigadi a gaban shagon mai gyaran rediyo. Yana zaune a kan bulo, hularsa a gwiwa. Na so in juya, amma ya riga ya gan ni.

"A'a, Gwaggo! Ina kwana? Yaya yaran?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, har yaron da ke cizon mutane. Ya ce, "'Yar tawa fa, ƙafar ta warke?" Na ce ta warke. Ya ce alhamdu lillahi, wannan ita ce babba.

Shekara goma sha ɗaya bencinsa yana kallon ƙofar ɗakina. Kullum in mun shigo daga wasa yana jina ina bin kanta da yatsa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Gwaggo, takalma sun cika?" Ni kuma in ce, "Sun cika, Baba." Wasanmu ke nan, ko rana ɗaya bai taɓa fashi ba.

Yau da zan tafi ya ɗago yana murmushi ya ce, "To Gwaggo, takalma..." Sai ya tsaya. Ya kalli hularsa. Ya ce, "A gaida Hajiya."

Ya sani. Tun ranar ya sani, domin yana riƙe da tiyon motar ruwa a bakin ƙofa ya jiyo ni na ce sun cika. Da Hajiya ta kira shi ofis bai ce uffan a kaina ba. Cewa ya yi shi ya buɗe ƙofa, kuma gaskiya ne shi ya buɗe, don ita ta ce ya buɗe wa motar ruwa.

Na dawo gida ba sabulun.

Lahadi, 17 ga wata, huɗu na yamma

To, bari in rubuta, ko na samu kaina ya daina ciwo.

Ranar Alhamis ɗin mun shigo daga filin wasa ƙarfe goma da rabi. Yaran suka cire takalma suka jera a kanta. Na ƙirga takalma, ƙafa goma sha huɗu, na ce sun cika. Walƙiya ta ajiye nata tare da kowa, sannan ta sulale ta koma tsakar gida ba takalmi, ta fice ta ƙofar da aka buɗe wa motar ruwa. Ƙarfe sha ɗaya na sake ƙirgawa kafin a ba su abinci. Takalma goma sha huɗu. Na zaunar da su muna waƙa muna tafi.

Ban lura cikin minti biyar ba. Ban lura cikin minti arba'in ba. Ban lura ba sam. Babu wanda ya bazama nema, domin babu wanda ya san ta ɓata. Ƙarfe sha ɗaya da minti goma wani mai facin taya da ke bakin babban titi ya shigo da ita a kafaɗa, ƙafarta tana jini. Ya ce a gefen kwalta ya tsince ta tana shirin tsallakawa, rigar gidan renonmu ya gane. Ina tsakiyar waƙa na ɗago na ga yarinyar da na ƙirga sau biyu a hannun wani mutum da ban sani ba.

Hajiya ce ta rubuta rahoton, ni na sa hannu ban yi musu ba. Tsoro ne ya sa, ba wani abu ba.

Na karanta wa Baban yara wannan shafin yanzu. Da na gama ya ce, "Shekara talatin ina tuƙi, na san direban da ya yi hatsari ya faɗa, na kuma san wanda ya ɗora wa yaron mota. Na biyun ba ya sake tuƙi da natsuwa." Na ce in na faɗa za a karɓe mini ɗaki. Ya ce, "Na sani." Na ce ɗakin nan shi ne rayuwata. Ya ce, "Na san wannan ma." Ya tashi ya dafa mana shayi da kansa, ya cika sukari kamar kullum.

Talata, 19 ga wata, biyar da rabi na yamma

An yi jarrabawar rubutu. Tambaya ta tara: kawo hanyar da ta dace a tabbatar yara sun cika. Na amsa ta tsaf, har da misali.

Laraba, 20 ga wata, biyu da rabi na rana

Na shiga ofishin Hajiya na rufe ƙofa. Na ce layi na huɗu ba gaskiya ba ne, kuma ita ma ta sani.

Ta cire tabarau ta ajiye. "Gwaggo, ke yarinya ce? Yarinyar nan tana raye, ƙafa ta warke, uwarta tana sa miki albarka. Me kike nema kuma? So kike ki tono abin da aka binne?"

Na ce, "Baba fa, Hajiya?"

Ta ce, "Baba ya tsufa, dama lokacin hutunsa ya yi." Sai ta sassauta murya. "Ki duba ni. Ɗaki uku gare ni, dole kowanne ya samu mai satifiket kafin a sabunta mana izini. In aka ɗage naki, wa zan sa? Ki yi shiru gobe kawai. Ba cewa na yi ki yi ƙarya ba, takarda ce za ta yi magana."

Ba muguwa ba ce, Allah Ya sani. Ita ta riƙe ni lokacin da na yi jinyar wata uku, ba ta ba wa kowa ɗakina ba. Ita ma tsoron take ji, irin nawa. Na ce mata to. Ban san me to ɗin take nufi ba.

Alhamis, 21 ga wata, bakwai saura minti ashirin na safe

Na goge riga sau biyu. Rahoton yana cikin fayil.

Alhamis, uku na rana

Malama ta iso ƙarfe takwas ta zauna a kan 'yar kujerar yara a kusurwa, gwiwoyinta har ƙirji, takarda a kan cinya. Yaran suka kewaye ta suna taɓa mata tabarau. Na yi komai yadda aka koya mana. Wanke hannu, suna da fuska da alama a ƙofar fita, suna da fuska da alama a ƙofar shiga. Da yaron nan mai cizo ya kai wa wani baki, na raba su ba tsawa, na ga ta rubuta wani abu tana gyaɗa kai.

Da suka kwanta barci ta kira ni bakin ƙofa, muka tsaya daidai kantar takalma muna magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Gwaggo, na sha zagaya gidajen reno, ban ga ɗaki mai natsuwar naki ba. Ina so in riƙa turo miki sababbi su ga yadda ake yi." Ta buɗe fayil ɗina, ta karanta rahoton, ta kai layi na huɗu. "Minti biyar. Wannan ma abin koyi ne. Me ya fara nuna miki ba ta nan?"

Tambaya ce kawai, ba tarko ba. Biro yana hannunta, saura ta sa hannu. Da na ce na duba ban ga fuskarta ba, shi ke nan an gama. Hajiya tana tsaye a ƙofar ofis tana kallonmu. Walƙiya tana kwance a tabarmar da ta fi kusa da mu, ta yi rub da ciki, ta ture zanen rufarta, tafin ƙafar nan yana sama da ɗan layinsa.

Na ce, "Babu abin da ya nuna mini, Malama. Ban san ba ta nan ba sai da aka dawo da ita."

Ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau.

Na nuna mata kanta. Na ce, "Waɗannan na ƙirga. Sau biyu. Shekara goma sha tara su nake ƙirgawa." Na gaya mata minti arba'in, na gaya mata mai faci, na gaya mata motar ruwa da wanda ya ce a buɗe ƙofa da wanda aka sallama. Ban tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan ci gaba ba.

Ta daɗe tana kallon takalman. Ta ce, "Kin san abin da wannan ke nufi ga takardarki?" Na ce na sani. Ta ce, "Ranar da na tambaye ki a aji fa?" Na ce ƙarya na yi mata. Ta rufe fayil ɗin ba ta sa hannu ba, ta ce za ta shiga wajen Hajiya, rahoton sai an sake rubuta shi. Kafin ta tafi ta ce, "Uwar yarinyar ta sani?" Na ce a'a. Ta ce, "Wannan ba ya cikin jarrabawa. Ke za ki duba."

Hajiya ba ta yi mini magana ba har aka tashi.

Juma'a, 22 ga wata, biyu da kwata na rana

Na gaya wa uwar Walƙiya. Na ja ta gefe a tsakar gida na faɗa mata duka, a tsaye. Ba ta yi ihu ba. Ta tambaye ni abu ɗaya: "Minti nawa?" Na ce arba'in. Ta ce, "A bakin titin nan?" Na ce e.

Ta ce, "Kuma kika bar ni ina miki godiya, Gwaggo."

Na durƙusa zan sa wa yarinyar takalmi, ta ce, "Bari," ta karɓa ta sa mata da kanta. Ta ɗauki jakarta da kofinta da zanen rufarta. Walƙiya ta waiwayo daga kafaɗar uwarta ta ce bai-bai kamar kullum.

Na shiga banɗakin yara na rufe na yi kuka, zaune a kan bokiti.

Litinin, 25 ga wata, biyar na yamma

An kafe sakamako. Ashirin da biyar sun ci. A gaban sunana an rubuta: an ɗage zuwa wata shida. Mai surutun baya ta rungume ni ba ta tambaye ni komai ba, karon farko da na ga bakinta a rufe.

Laraba, 27 ga wata, ɗaya na rana

'Yar Kwaleji ce za ta riƙe ɗakina daga Litinin, Hajiya ta samo wata daga ajinmu ta ba ta jarirai. Ni mataimakiya ce yanzu: wanke kofuna, shimfiɗa tabarmi, kai yara banɗaki. 'Yar Kwaleji ta zo tana murza hannu ta ce, "Gwaggo, wallahi ba ni na nema ba." Na ce na sani, ta riƙe rajista da kyau, kuma in ta ga idona ya tafi kan kanta ta yi mini gyaran murya.

Hajiya ta fara amsa gaisuwata, a taƙaice. Walƙiya ba ta zo ba tun Juma'a. Ina ta sauraron ƙofa duk da na san ba za ta zo ba.

Litinin, 1 ga sabon wata, sha biyu da rabi na rana, yara suna barci

Da na iso da safe na tarar da ƙofa a buɗe da mutum a kan benci. Baba Maigadi ne, da hularsa da butarsa. Ya ce Hajiya ta aika a kira shi jiya, wai ya dawo a gani. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ce, "Tashi, tashi, yara na kallo." Bai bar ni na ƙarasa ba.

Ƙarfe goma da rabi muka shigo daga wasa. 'Yar Kwaleji ta tsaya a ƙofa da rajista tana kiran suna, ni ina bayanta ina kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ba ni ce mai sa alama ba, amma na bi kowa da ido har na ƙarshe ya shige. A kan kanta akwai gurbi ɗaya a ƙarshen layi, inda jajayen takalman ke zama. Ban matsar da na kowa ciki ba.

Daga benci na ji Baba ya yi gyaran murya. Sannan ya ce, "Gwaggo, yara sun cika?"

Na ce, "Sha uku ne, Baba. Na ga fuskar kowa."